Hanyar Teku Ta Bi Ta Kicin Ɗinsu

"Omma! Wa ya taɓa min jaka?"

Ina tsaye a tsakiyar ɗakina, jakar tafiyata a wangale bisa gado, hannuna riƙe da wata rigar girki mai furanni, irin wadda ake ratayawa a wuya a ɗaure ta baya. Sabuwa dal, ko alamar shago ba a cire mata ba. Ƙarƙashinta fararen safa har ƙafa uku, sai wata doguwar riga ruwan toka mai wuya har maƙogwaro, kamar ta zuwa gaisuwar mutuwa. Rigata ruwan ɗorawa mai siririn hannu, wadda na yi sati biyu ina leƙa ta a waya kafin na yi ta maza na saya, babu ita babu dalilinta. Malafata ma an ɗauke.

"Omma!"

"Ina jin ki. Ba kurma ce ta haife ki ba."

Na fito falo a fusace. Tana zaune a ƙasa kan jaridun da ta shimfiɗa, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, tana soke nama da lawashi a tsinke. Chuseok, bikin girbi da ake girmama kakanni a nan Koriya, jibi ne, gidan ya riga ya ɗauki warin albasa da man riɗi.

"Me wannan yake yi a jakata?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Bakin teku akwai iska. Waccan taki ai ba riga ba ce, hankici ne."

"Rigar girkin ma don iska ce?"

"Mutum bai san inda rana za ta faɗi masa ba."

"Safa fa? A cikin yashi zan sa farar safa?"

"Ke dai baki. Da da baki ake aure, da yanzu 'ya'yanki sun shiga makaranta."

Sai a lokacin idona ya kai bakin ƙofa. Kwalaye biyu ne a jere kusa da takalma, an naɗe su da ƙyalle ruwan zinare, an yi musu ƙulli mai kunnuwa. Ɗaya tuffa, ɗaya naman shanu, irin wanda mu kanmu ba ma ci sai an kawo mana.

"Waɗannan kuma fa? Kifayen teku za mu kai wa gaisuwa?"

Appa, mahaifina, na kwance a doguwar kujera, rimot a kan cikinsa. "Ku rage murya," ya ce, "ana bayanin cunkoson hanya."

Masu karatu, na san wasunku sun fara cewa me zai sa mace mai shekara talatin da biyu, mai aikinta a asibitin haƙori, ta tayar da gida a kan safa. Ku ɗan yi min haƙuri in koma baya.

Appa shi ne babba a gidansu, don haka teburin kakanni, abincin da ake jera wa magabatan da suka rasu, a falonmu ake shirya shi. Tun ina shekara sha ɗaya duk jajiberin Chuseok a ƙasa nake zama, gaban kaskon lantarki, ina soya jeon. A turmusa kifi a fulawa, a tsoma a ƙwai, a jefa a mai. A yi wa kabewa haka, a yi wa nama haka, tun safe har bayanka ya daina jin naka ne. Maza su zo su ci, su ce bana gishiri ya ɗan yi yawa, su kwanta. Kwana uku gashina yana ƙaurin mai. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ban taɓa ganin yadda sararin sama yake a ranar Chuseok ba, sai ta tagar kicin.

Bana hutun ya haɗe da Asabar da Lahadi, kwana huɗu cif. Tun watan Yuni na buɗe wata takarda a wayata na sa mata suna Teku, kowace rana da launinta. Alhamis Gangneung, can arewa a gaɓar tekun gabas, kofi a gaban ruwa. Juma'a, ranar Chuseok kanta, ina so rana ta fito ta same ni a kan duwatsun Samcheok, hannuna ba fulawa. Asabar mu gangara Hanya ta Bakwai, mai bin bakin teku, har Pohang a kudu, Lahadi mu dawo. Har waƙoƙin da za mu ji na jera. Na kama ɗakuna biyu a kowane masauki, don shi ne kaɗai sharaɗin da Appa ya iya tashi zaune ya gindaya. Motar kuwa tawa ce, 'yar ƙaramar fara, da gumina na saye ta.

Ranar da zan faɗa wa Omma ba zan yi Chuseok a gida ba, sai da na yi kwana biyu ina haɗa amsoshi kamar mai shiga kotu. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Da Dongha za ku? To, ku je lafiya." Shi ke nan. Na koma ɗaki ina ta murna, har da ɗan hawaye, wai Omma ta fahimce ni.

Tak Dongha shi ne mai nemana, wata goma sha huɗu ke nan. Shekararsa talatin da biyar, yana aiki a kamfanin kayan gyaran mota. Mutum ne mai sanyin murya, wanda in ya ga igiyar takalminka ta kwance a titi zai durƙusa ya ɗaure. Tun haɗuwarmu ta biyu na gaya masa labarin kasko, ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinki, ni ɗa na biyu ne. Ni da teburin kakanni sai gaisuwa daga nesa."

Sati uku da suka wuce ya turo min saƙo da rana, ina hutun cin abinci.

"Dasom, me zai hana mu juya tafiyar? Mu fara daga kudu mu haura arewa."

Na ce, "Don me?"

"In muna haurawa, tekun yana hannun dama. Ni zan tuƙa, ke kina ɓangarensa, babu motar da za ta gitta tsakaninki da ruwa. Mu fara da Yeongdeok, in ba ki ƙaguwar da ba ki taɓa ci ba. Kuma hanyar ta fi sauƙi."

Na rantse muku sai da na rungume wayar. Na ce wane irin namiji ne ke tunanin ta wace taga budurwarsa za ta ga teku? Na zauna na warware tsarin wata uku na sake ɗinkawa. Masaukin Alhamis ya ce in bar masa, shi zai kama.

To, mu dawo falo.

Ina tsaye da rigar girki a hannu, sai wayar Omma ta yi ƙara a gefen tire. Rubutun wayarta manya ne kamar na allon talla, saboda idonta, daga tsaye ma ana karantawa. Ta kai hannu, amma hannun duk maiƙo ne, na riga ta.

Sunan da ke sama: Mahaifiyar Dongha.

"Mahaifiyar Dasom, mun gode da fahimta. Su taso da wuri, ƙarfe sha ɗaya muke ɗora kasko. Bana mutum talatin da bakwai ne. Ba za mu gajiyar da ita ba, jeon ne kawai da ɗan wanke-wanke. Kawunnansa dai suna so su ga hannunta."

Na karanta sau biyu. Na ja sama, na ga hirar ta yi tsawo kamar igiyar shanya. Har hoton takardata ta Teku yana ciki, an zagaye Yeongdeok da jan layi.

"Ba ni wayata, mara kunya."

"Tun yaushe, Omma?"

Ta goge hannu a gefen siket. "Ba abin ɓoyo ba ne. Gidan asalinsu a Yeongdeok yake, babban gida ne na zuri'a, mutane ne masu mutunci. Yini ɗaya ne. Ki nuna musu an yi miki tarbiyya, ki sa safa kar ki shiga gaban manya da ƙafa tsirara, ki yi murmushi. Shi ɗa na biyu ne, nauyin ba a kanki zai zauna ba."

"Iyaye ba su zauna ba. Ba a sa rana ba. A wane matsayi zan shiga kicin ɗin mutane?"

"A matsayin wadda take so a sa ranar."

"Shi ya sa kika ce mu je lafiya."

"To me kike so in ce? Ku je ku faɗa rami?"

Na durƙusa a gabanta kan jaridar, na rage murya don kar Appa ya ji, ko da yake wannan bawan Allah ko tukunya ta fashe ba juyowa zai yi ba.

"Ke ce fa, Omma. Ina aji biyar na same ki a banɗaki ranar Chuseok, kin kunna famfo don kar dangin Appa su ji kukanki. Kika riƙe fuskata kika ce, Dasom, ki yi karatu, kar ki zama ni. Ko kin manta?"

Ta ɗauki tsinke, ta soke nama, ta soke lawashi, ta sake soke nama.

"Ban manta ba," ta ce. "Kin yi karatun. Ga ki nan a ɗakin da kike kwana tun kina aji biyar ɗin."

Masu karatu, da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Na shige ɗaki na turo ƙofa. Na rubuta wa Boram, ƙawata tun sakandare, na zayyana mata komai. Ba ta yi minti ɗaya ba ta amsa.

"Tsaya. Ƙaguwa ya ce zai ba ki? A watan Satumba?"

"E."

"Ke Dasom. Babbar ƙaguwar Yeongdeok sai sanyi ya shigo ake kama ta. Ko ɗan firamare ya san wannan."

"Na manta."

"Kuma ya ce hanyar kudu ta fi sauƙi a jajiberin Chuseok? Ranar da duk ƙasar nan take tuɗaɗa kudu? Kika yarda?"

"Ya ce tekun zai kasance ta tagata."

Ta turo hoton wata kyanwa ta dafe kai. Sannan ta ce, "An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A gidanku mutum sha biyu kike soya wa."

Ban amsa ba, don wani saƙon ya shigo a kai. Dongha ne. "Na iso ƙasa. Sauko ki buɗe min but in saka jakata, gobe mu fita da asuba ba ɓata lokaci." Har da ɗan hoton fuska mai murmushi.

Ko gashina ban gyara ba. Na zura silifa, na ɗauki makulli, na shiga lif daga hawa na sha huɗu zuwa garejin ƙarƙashin bene. Ƙarfe huɗu na yamma ne, garejin cike da maƙwabta masu loda kwalayen kyauta a mota.

Yana jingine da motata, farar riga mai gajeren hannu, sabon aski, kofi biyu a hannu. Ya miƙo min nawa, mai ƙanƙara, ba sukari, yadda nake so. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai, wai ya san yadda nake shan kofi. Na danna makulli but ya buɗe, ya saka jakarsa. Sannan ya ɗauko wani abu da ya rataye a madubin mota, baƙar kwat ce a ledar masu wanki, zai shimfiɗa ta a kai.

"Oppa," na ce, yadda budurwa ke kiran saurayinta a nan, "kwat a bakin teku?"

Hannunsa ya tsaya. "Ko za mu shiga wani gidan abinci mai kyau."

"Mai cin mutum talatin da bakwai?"

Na ga jinin fuskarsa ya janye. Ya ajiye kofinsa a kan rufin mota, ya shafa ƙeya.

"Da ma a hanya zan gaya miki."

"A wace hanya? Bayan mun wuce inda ake juyowa?"

"Dasom, awa uku ne. Mu gaisa, ki ɗan taɓa hannu don kar a ce, mu wuce."

"Ina masaukin Alhamis da ka ce ka kama? Nuna min."

Ya tura hannu a aljihu, bai ciro wayar ba.

"Nuna min mana."

"Akwai ɗaki a gidan," ya ce a hankali. "Za ki kwana da gwaggona. Juma'a da safe a yi wa kakanni tebur, sai a hau dutse a gai da kaburbura, sai..."

"Sai wanke-wanke. Samcheok ɗina na ranar Juma'a fa?"

"Na kira masaukin na mayar da shi Asabar."

Ya shiga takardata. Takardar da na ba shi damar buɗewa don ya ƙara waƙoƙin da yake so. Na ji wata dariya ta taho min mai ɗaci kamar maɗaci.

"Haba Dasom, tekun nan ba guduwa zai yi ba. Yana nan wata mai zuwa, yana nan baɗi. Mahaifiyata kuwa bayanta ya ƙare, ba ta iya tsayuwar minti ashirin. Me kike so in yi?"

"Ka soya. Hannu biyu gare ka."

Ya kalle ni kamar na yi wani yare. "A gidanmu namiji ba ya shiga kicin ranar tebur. Kawunnaina za su..."

"To matar yayanka fa? Ba kai ne ɗa na biyu ba?"

Ya kawar da ido wajen wata mota da ke fita. "Ba ta jin daɗi bana."

Na ajiye kofina kusa da nasa. Na ce a raina, Dasom, ba shi dama ɗaya, don gobe kar ki ce ba ki ba shi ba. Kar ku zarge ni, masu karatu, wata goma sha huɗu ba kwana goma sha huɗu ba ne, kuma har a wannan lokacin ina son mutumin nan.

"Kira mahaifiyarka," na ce. "Yanzu, a gabana. Ka ce mata gobe Gangneung za mu, za mu zo gaisuwa wani satin da kaya masu kyau, in zauna a falo kamar baƙuwa. In ka faɗa, na yafe komai, har ƙaryar ƙaguwa."

Ya ciro waya ya kira. Na ce a raina, ashe dai. Har na ji lokacin da aka ɗauka, wata murya mai kaifi ta cika wayar.

"Omma," ya ce. "E, ina wajensu. Dama ina so in ce..." Ya saurara. Ya sake saurarawa. Kafaɗunsa suka fara sauka, har yana ɗan rusunawa kamar tana gabansa. "E. E, na ji. A'a, babu matsala. Tana nan kusa da ni." Ya kalle ni da idon roƙo. "Ta yi murna sosai. Da asuba za mu taso."

Ya kashe.

Ban yi ihu ba. Ni kaina na yi mamaki. Na zagaya bayan mota, na ciro jakarsa na dire ta a kan siminti. Na ɗauko kwat ɗin na ɗora a kai, a hankali, don kar ta yamutse, tunda kakanninsa za su gani. Na rufe but.

"Me kike yi haka? Mutane na kallo."

"Akwai bas ɗin Yeongdeok. In ka yi sauri ƙila ka samu kujera."

"Dasom, ki yi tunani. Na riga na faɗa musu. In ba ki je ba, ba za a sake ɗaga maganarmu a gidan ba, kin sani ai."

"Na sani."

"A kan kwana ɗaya?"

"A kan ka ce na yi murna."

Ya ciji leɓe. Sai ya yi abin da ya saba yi duk sanda ya rasa ta cewa, ya nemi babba. "Bari in hau in yi magana da Omonim," ya ce, yana nufin mahaifiyata. Ya bar jakarsa a ƙasa ya nufi lif da sauri.

Na shiga mota na kulle kaina. Na buɗe takardar Teku, na cire sunansa daga masu iya taɓa ta, na goge Yeongdeok. Na rubuta Gangneung a taswira, ta ce awa uku da rabi. Ba jaka, ba masauki, silifa ce a ƙafata. Na san abin da ke saukowa daga hawa na sha huɗu: Omma da hawayenta, shi da sanyin muryarsa, ni kuma ban taɓa cin su biyun a haɗe ba.

Aka ƙwanƙwasa gilashi.

Wata mata ce ban taɓa ganinta ba. Za ta yi shekara arba'in da 'yan kai, gashi gajere, wandon jins da baƙin tabarau a saman goshi. Na sauke gilashin kaɗan.

"Ke ce Yeon Dasom, hawa na sha huɗu?"

"Wace ce ke?"

"Gil Miran. Matar yayan Dongha." Ta ɗan karkata kai. "To, har watan Maris dai. Me ya ce miki, ba ni da lafiya?"

"Ya aka yi kika san gidanmu?"

"Shekara goma sha ɗaya ni ke aika kyaututtukan gidan su Dongha. Sun manta ba su cire lambata ba, har yau saƙon masu kai kaya wayata yake shigowa. Da na ga sabon adireshi a nan Suwon, an aika masa zuma da busasshen kifi mafi kyau a shagon, na ce to, sun samo wata." Ta dafa gilashin da hannu. Bayan hannun duk ɗigo-ɗigon tabon mai ne, tsofaffi, har wuyan hannu. "Tsohon mijina ya tattara ya koma ƙasar waje, ya ce ba shi ba gidan. Kin gane wa ya zama babba yanzu? Dongha ya gaya miki ya nemi kamfaninsu su mayar da shi Pohang daga watan Janairu? Tafiyar minti arba'in ce zuwa kicin ɗin."

Can ƙarshen gareji lambar lif ta fara saukowa. Tara. Takwas. Bakwai.

Matar ta waiga ta kalla, ta dawo da idonta kaina.

"Wannan ma ƙaramin ne a cikin abin da na zo da shi," ta ce. "Ga su nan tafe, ƙanwata. Ko ki buɗe min ƙofa, ko ki buɗe musu."